Ƙorafi Kan Kalmomi Uku da Suka Kulle Ƙofar Ɗakin Fayil

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Gine-gine da Ayyuka,
Babban Ofishin Hukumar Gudanarwa.

Ta hannun:
Sakataren Sashen Ma'aikata.

Daga:
Shugabar Ɗakin Tsaro,
Ginin Ofisoshi Mai Hawa Shida.

Litinin, 2 ga Yuni, 2025.

Game da: Saɓanin kalmomi tsakanin na'urorin sarrafa gini da manhajar tsaro, da abin da ya jawo wa ma'aikaciyar ɗakin fayil ranar 7 ga Mayu, da kuma sallamar mai gadin da ke bakin aiki a ranar.

Ranka ya daɗe,

Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙaramar ma'aikaciya ga shugabanta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashin kulawarka. Ina neman afuwa tun daga farko saboda tsawonta. Na yi ta ƙoƙarin rage ta, amma duk abin da na cire sai in ga shi ne ya fi kamata ka sani.

Ni ce nake shugabantar masu gadi a ginin da aka ambata a sama. Ɗakinmu yana ƙasa, hannun dama in an shigo, inda allon tsaro yake. Kamar yadda ofishinka ya sani, kafin watan Fabrairu na bana abubuwa biyu ne a ginin, kowanne da kamfaninsa. Kamfanin na'urorin gini shi ke da fankoki, da na'urorin sanyaya ɗaki, da fitilu, da injin tura ruwa sama, da maɓallan neman taimako da ke jikin bango. Kamfanin tsaro kuma shi ke da makullan ƙofofi, da kyamarori, da katin shiga, da manhajar da muke kallo. Ofishinka ya ba da umarnin a haɗa su wuri ɗaya, domin mai gadi ya ga komai a allo guda, aka kuma fassara rubutun allon zuwa harshenmu saboda masu gadi su karanta ba tare da neman taimako ba. Mun yi murna da wannan. Ni ce ma na tsaya a taro na yi godiya a madadin yarana.

Mai gadin da ke kan allo ranar da abin ya faru shi ne wanda kowa ke kira Kofur. Bai taɓa shiga soja ko ɗan sanda ba. Yadda yake ƙamewa in babba zai wuce ne ya jawo masa sunan, har ya bi shi gida, jikokinsa ma haka suke kiransa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Lokacin da aka kawo ni ginin nan, shi ya zagaya da ni hawa-hawa, ya nuna mini ƙofar da ke cijewa da damina, da wadda sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. A gaban mutane yana ce mini ranki ya daɗe. In mu biyu ne yana ce mini 'yata, ni kuma in ce masa Baba.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce ma'aikaciyar ɗakin fayil, da muke kira Uwar Fayil. Dattijuwa ce mai fama da hawan jini, kowa ya san da haka, domin kwalbar maganinta ba ta rabuwa da jakarta. Ɗakinta yana hawa na shida, daf da rufin gini, ba shi da taga saboda kar rana ta ɓata takardu, ƙofarsa kuma ta ƙarfe ce. Akwai doka cewa duk mai shiga ɗakin zai bar jaka da waya a loka, wato akwatin ajiya, a bakin ƙofa. Ni nake tilasta wannan doka, kuma ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba, har ita.

Ranar Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar, wuta ta ɗauke a unguwar gaba ɗaya. Janaretonmu ba ya ɗaukar hawa na biyar da na shida, wannan ma yana cikin rahotannin da suka sha zuwa ofishinka. Da zafi ya yi yawa, ma'aikatan saman suka sauko, wasu suka tafi gida. Uwar Fayil tana ciki ƙofa a rufe. Ta danna maɓallin fita, bai yi aiki ba, tunda na lantarki ne. Ta nemi mariƙi ta ciki, babu. Wayar tebur ta mutu tare da wutar. Sai ta danna maɓallin neman taimako, wanda shi yana da batir.

Ni a lokacin ina nan Babban Ofishi, a taron shugabannin sassa na wata-wata. Kofur ya kira ni, na fito baranda na ɗauka. Ya ce, "Ranki ya daɗe, allo ya nuna ana neman taimako a Shiyya ta Biyar. Na je wurin ajiye motoci, na duba har ƙarƙashin motocin, ba kowa sai kyanwar nan tamu." Na ce masa, "To Baba, danna Amsa kawai, ƙila ɗaukewar wutar ce ta rikita na'urar. In ta sake kuka ka kira ni." Ya ce, "An gama." Bai sake kira ba, domin na'urar ba ta sake kuka ba. Na koma taro na tarar ana muhawara kan launin sabuwar rigar masu gadi, har na ba da nawa ra'ayin, na ce shuɗi ya fi ɓoye datti.

Gab da tashi daga aiki, 'yar Uwar Fayil ta zo ɗaukarta kamar kullum. Ta jira a mota ba ta ga ta fito ba, ta shigo ta tambayi Kofur. Ya duba allo, ya ga an rubuta a gaban ɗakin fayil: yanayin aminci. Abin da na koya musu shi ne, duk ƙofar da ta nuna haka ta saki, na ciki zai iya turawa ya fita. Saboda haka ya ce mata ƙofar mamanta a sake take, ƙila ta sauka ta matakalar baya tare da sauran. Yarinyar ta ce, "Baba, Mama ba ta zuwa ko'ina ba ta gaya mini ba." Ta hau matakala har sama, ta kira wayar uwarta, ta ji tana ƙara a cikin loka.

Ina shigowa ginin na ji muryar yarinyar daga saman matakala. Muka hau ni da Kofur da mai gyaran famfo, wanda Allah ya sa bai tafi ba, da dogon ƙarfensa muka banƙare ƙofar. Zafin da ya fito mana kamar an buɗe tanda. Mun sami Uwar Fayil kwance a ƙasa a gefenta, ta kai fuskarta daidai 'yar kafar da ke ƙarƙashin ƙofa tana neman iska, abin huda takarda da ta yi ta buga ƙofar da shi yana hannunta, bakinta ya karkace. Kofur ne ya goya ta ya sauko da ita, da shekarunsa, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Likita ya ce zafi da tashin hankali ne suka tayar da jininta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Yanzu tana magana a hankali, hannun kuma bai dawo ba.

A kan wannan nake gabatar da ƙorafe-ƙorafena kamar haka.

1. Kalmar aminci.

Mako guda bayan faruwar abin, ganin ba wanda ya yi mini bayanin dalilin da ƙofar ta ƙi buɗuwa, na kira injiniyan kamfanin gini da na kamfanin tsaro, na zaunar da su a ɗakina lokaci ɗaya. Wannan shi ne karo na farko da suka taɓa zama a tebur guda, su da bakinsu suka faɗa. Na nuna musu kalmar a allo, na ce kowa ya gaya mini abin da take nufi.

Injiniyan gini ya ce, "Malama, aminci ai na rai ne. Wuta ta ɗauke, makulli ya saki, mutum ya fita. Shi ya sa ma ba mu sa mariƙi ta ciki ba, tunda a zane an rubuta aminci."

Injiniyan tsaro ya ce, "A wurinmu aminci na kaya ne. Wuta ta ɗauke, makulli ya riƙe, don kar ɓarawo ya yanke wuta ya shiga. Ɗakin fayil ne fa. An ce mini in saita shi a kan aminci, na saita."

Suka kalli juna. Daga baya suka fahimtar da ni cewa a harshen da aka ƙera na'urorin, kalmomi biyu ne daban masu kama da juna, ɗaya ta sakin ƙofa, ɗaya ta riƙe ta. Kowane kamfani ya kai nasa rubutun wurin nasa mai fassara, dukkansu suka dawo da aminci. Makullin kuwa yana karɓar saiti biyun, ya danganta da wanda ya taɓa shi ƙarshe. Kamfanin gini ne ya fara yi mana bita, ma'anarsu na ɗauka, ita na tsaya a gaban allo na koya wa masu gadi har na sa suka maimaita a bayana kamar 'yan makaranta. Ƙorafina shi ne an bar kalma ɗaya tana ɗauke da ma'ana biyu masu kishiyantar juna a kan ƙofar da mutum ke zama a bayanta.

2. Kalmar shiyya.

Kamfanin gini yana raba ginin shiyya-shiyya ne bisa bututun iska, daga ƙasa zuwa sama. Hawa na ɗaya da na biyu bututu ɗaya suke sha, saboda haka a lissafinsu hawa na shida shi ne Shiyya ta Biyar. Kamfanin tsaro kuma yana ƙirga tasa shiyyar daga bakin get zuwa ciki, a wurinsa Shiyya ta Biyar ita ce wurin ajiye motoci. Da aka haɗa na'urorin, lambar ta wuce daga wannan zuwa wancan yadda take, ba wanda ya juya ta. Taswirar da ke manne a bangon ɗakinmu ta kamfanin tsaro ce. Kofur ya karanta allo, ya dubi taswira, ya tafi inda ta nuna masa. Yana durƙushe yana leƙen ƙarƙashin motoci, baiwar Allah tana can sama tana buga ƙofa. Ko ni ce a kan kujerar, wurin motocin zan nufa.

3. Kalmar amsa.

A manhajar tsaro, in mai gadi ya danna Amsa, ma'anarsa na gani, ina kai. Saƙon yana zama a allo, in an sake danna maɓallin taimako kuma ƙararrawa ta sake tashi. Haka muka saba da ita shekara da shekaru, da wannan sanin na ce wa Kofur ya danna. A na'urar kamfanin gini kuwa, amsa na nufin an warware, a rufe maganar. In ta karɓi wannan saƙo, ba ta sake sauraron maɓallin da ya yi kiran sai wuta ta dawo. Wato da muka danna Amsa, mun toshe bakin Uwar Fayil ne ba mu sani ba. Injiniyan gini ya buɗe kwamfutarsa ya ce na'urar ta adana duk dannawar da aka yi bayan nan, yana shirin gaya mini yawansu. Na roƙe shi ya bari. Yana nan a wurinsa in ofishinka na buƙata, ni dai ba zan iya ɗaukarsa ba.

4. Rashin zama ɗaya da gwaji ɗaya kafin miƙa aiki.

Ranar miƙa aiki a watan Fabrairu, kowane kamfani ya gwada nasa shi kaɗai. Na gini ya kunna fanka daga allo, ta juya, aka tafa. Na tsaro ya buɗe ƙofa daga allo, ta buɗe, aka tafa. Ba wanda ya ce a yanke wuta a gani. Ba wanda ya ce wani ya hau sama ya danna maɓallin taimako a ga inda allo zai nuna. Ba a kuma taɓa haɗa kalmomin kamfanonin biyu an daidaita su ba, alhali wannan shi ne aikin mai ba da shawara da ofishinka ya ɗauka ya tsaya a tsakaninsu.

A ranar na tambaye shi ko an duba cewa kalmomin ɓangarorin biyu sun yi daidai, domin na lura kowa da irin maganarsa. Ya yi dariya ya ce, "Malama, kalma ai kalma ce. Wayoyi su ne aikin, kuma sun haɗu." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, don kar a ce macen nan ta cika tambaya. Ina cikin waɗanda suka sa hannu cewa an karɓi aiki lafiya. Ba na ɓoye wannan, sa hannuna yana nan a shafin ƙarshe. Amma ni aikina gadi ne, shi kuma aikinsa ke nan da aka ɗauke shi dominsa, kuma har yau ba wanda ya kira shi ya tambaye shi komai.

5. Hukuncin kwamitin bincike.

Ranar Litinin, 19 ga Mayu, kwamitin da Sashen Ma'aikata ya kafa ya zauna, a ranar kuma ya yanke hukuncin sallamar Kofur bisa laifin sakaci. Dalilansu uku ne: ya je wurin da ba nan ake nemansa ba, ya kashe ƙararrawa, ya kuma ba iyalin ma'aikaciya labarin da ba daidai ba. Ranka ya daɗe, duk ukun nan kalmomin da na lissafa a sama ne. Kwamitin bai kira injiniya ko ɗaya ba, duk da na ba su lambobinsu.

Na tsaya a gabansu na faɗa da bakina cewa ni na ba shi umarnin danna Amsa ta waya, ni kuma na koya masa ma'anar aminci. Da rahoton ya fito na karanta shi daga farko har ƙarshe, ban ga wannan magana ba. Na je wurin sakataren kwamitin na tambaye shi. Ya rufe ƙofar ofishinsa ya ce, "Ke ba a tuhume ki ba. Me ya sa kike neman jawo wa kanki? Mun taimake ki ne." Ban nemi wannan taimako ba, kuma tun ranar ban ji daɗinsa ba.

Kofur da aka kira shi, ya ƙame kamar yadda ya saba, ya ce, "Abin da allo ya nuna na bi." Bai ambaci wayar da muka yi ba. Na tare shi a bakin get yana fita da 'yar jakarsa da butarsa, na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa musu ni na ce ka danna?" Ya ce, "'Yata, ke kina da sauran tafiya a aikin nan, ga yara ƙanana. Ni dama na kusa ajiyewa. Ki bar shi haka." Ya miƙa mini katinsa na shiga, ya ce in duba famfon banɗakin ƙasa yana ɗiga.

Na je gidansa a ƙarshen makon da ya wuce. Maiɗakinsa ta ce ya daina fita zama da maƙwabta, domin labarin da ya isa unguwarsu shi ne ya kulle mace a ɗaki ya tafi yawo. Ta ce da safe yakan sa takalmansa na aiki ya zauna a tsakar gida, sai rana ta ɗaga ya cire. Ta kawo mini ruwa, ta yi mini godiya da na zo. Na kasa shan ruwan.

6. Takardar yabo.

A makon da aka sallame shi, ofishinka ya aiko mini da takardar yabo saboda, in ji takardar, hanzari da jarumtar da na nuna wajen ceto ran ma'aikaciya. Na san da kyakkyawar niyya aka rubuta ta, kuma ina godiya da niyyar. Amma yarinyar ce ta gano inda uwarta take, ƙarfen mai gyaran famfo ne ya buɗe ƙofar, Kofur ne kuma ya sauko da ita a bayansa. Maigidana ya nuna wa mahaifiyata takardar, ta yi ta sa mini albarka, ta ce a yi mata firam a rataye a falo inda baƙi za su gani. Kullum ta tambaya sai in ce mai firam ɗin bai gama ba. Takardar kuwa ba ta taɓa zuwa wurin mai firam ba. Ga ta nan na haɗa da wannan takarda, ina mayar da ita cikin ladabi, ba don raina ofishinka ba.

Ranka ya daɗe, akwai abu ɗaya da ba ƙorafi ba ne, amma ina so ka ji shi. Na je duba Uwar Fayil bayan an sallamo ta daga asibiti. Tana zaune a kujera an tokare mata hannun da matashi. Ta gane ni, ta yi murmushi da rabin bakinta, ta tambaye ni wa ke kula da ɗakinta yanzu. Sannan ta ce, a hankali, kalma-kalma, "Ina Kofur? Kwana biyu bai leƙo ni ba." Ba wanda ya gaya mata an kore shi. Na ce mata yana gaishe ta.

Da zan tafi 'yarta ta rako ni bakin ƙofa. Ta ce, "Anti, ni ba na neman a kori kowa. Ina so dai in san wanda ya ji ƙararrawar Mama ya kashe." Na ce mata Kofur ne ya danna, amma ni na ce ya danna, ina tsaye a baranda a wani gini, ban ko tambaye shi wane ne bai sauko daga sama ba. Ta kalle ni. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "To, na ji," ta koma ciki.

Bisa ga duk abin da ya gabata, ina roƙon ofishinka mai daraja da ya dubi waɗannan buƙatu.

Da farko a soke sallamar Kofur, a mayar da shi bakin aikinsa da cikakken haƙƙinsa, a kuma ba shi takardar wanke suna da za a karanta a gaban abokan aikinsa, ya tafi da ita gida ya nuna wa wanda ya ga dama.

A sake zaman kwamiti, a rubuta shaidata yadda na faɗe ta, a kira injiniyoyin biyu da mai ba da shawara. Duk hukuncin da ya dace da rabona a ciki, zan karɓa.

A tilasta wa kamfanonin biyu su zauna tare da masu gadin da ke karanta allon, su fitar da kalmomi na bai ɗaya, kowace kalma da ma'ana guda. In an yarda in ba da shawara, a cire aminci daga kan ƙofofi gaba ɗaya, a rubuta ta saki ko ta riƙe. A daina kiran wuri da lambar shiyya, a kira shi da sunan da mai shara da manaja suka san shi da shi, kamar ɗakin fayil, hawa na shida. A raba maɓallin Amsa gida biyu, na gani daban, an warware daban, kuma kada wani maɓalli ya sake iya toshe kiran taimako. Bayan an gama a yanke wuta da gangan da rana tsaka, a sa mutum a kowane ɗaki, a gani da ido. Ni zan shiga ɗakin fayil.

A sa mariƙi na hannu ta ciki a kowace ƙofa mai makullin lantarki. A kuma ɗauki nauyin jinyar Uwar Fayil da gashin da ake yi wa hannunta a asibiti, ba tare da an sa 'yarta yawon ofis-ofis ba.

Daga ƙarshe, wajibi ne in sanar da kai halin da ake ciki yau. An sa sabuwar ƙofa a ɗakin fayil, kuma da na duba allo, kalmar nan ce dai a gabanta. Akwai wasu ƙofofin masu irin wannan rubutu: ɗakin ajiyar kayan aiki, ɗakin manyan kwamfutoci, da ƙaramin ɗakin hawa na biyar da ma'aikata masu shayarwa ke shiga da jariransu. Na tambayi injiniyoyin biyu a kan wace ma'ana aka saita kowacce, suka ce sai an ba su izini a rubuce za su buɗe su duba. Saboda haka na sa kafinta ya yanko mini guntayen katako, na tokare dukkan ƙofofin nan da hannuna, kuma haka za su kasance a lokutan aiki har sai amsarka ta zo. Na san wannan ya saɓa wa dokar tsaron da aka ɗauke ni in kare. Na gaya wa masu gadi kada wanda ya taɓa katakon, kuma na ba kowannensu umarnin a rubuce da sa hannuna, ya ajiye a aljihunsa. In wani fayil ya ɓace ko wani abu ya salwanta, kada a nemi kowa a cikinsu. Ina ɗakin tsaro, hannun dama in an shigo.

Ina roƙon a gafarta mini duk inda harshena ya zarce matsayina. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da mutanen da ke hannunka lafiya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Shugabar Ɗakin Tsaro,
Ginin Ofisoshi Mai Hawa Shida.

Abin da aka haɗa: takardar yabo, a cikin ambulan ɗinta.

Kwafi zuwa ga: Sakataren Sashen Ma'aikata; Shugaban Kwamitin Bincike.